Ranar da Aka Yi wa Buɗin Barmo Shari'a

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya raba wa bayinsa hankali, ya auna wa wasu da cokali, ni kuwa ya zuba mini da ƙwarya. Ku matso, ku da Allah ya ba kunnen sauraro, ku ji ƙarar da na kawo. Tun da aka fara zaluntar ɗan Adam a bayan ƙasa, ba a taɓa yi wa wani mahaluki abin da aka yi mini ba. An tumɓuke sarakuna, na ji. An ci garuruwa da wuta, wannan ma na ji, Allah ya jiƙan na ciki. Amma a cikinsu duka, wa aka sassaƙa sunansa a jikin dutse, aka rubuta a ƙarƙashi cewa kada mai hankali ya kwaikwaya? Ni kaɗai ne, Barmo ɗan Cindo, mai gemun da ake leƙowa ta katanga don a gani.

Ina da shekara arba'in da bakwai na bar gida neman ilimin shataranji, wato darar sarakuna, wadda ake bugawa a allo mai gida sittin da huɗu. Kowane ɓangare yana da sarki da waziri, da giwa biyu, doki biyu, ganuwa biyu, da dakaru takwas a gaba. Ba don na gaza a gida na fita ba. Mutanen garinmu ne suka daina zama da ni, wai ina motsa doki idan sun juya tofar da yawu.

Na ratsa Dajin Ƙaho, inda itatuwa ke bin matafiyi a baya suna sauraron abin da yake gunaguni. Na haye Tekun Madara a bayan wani kunkuru da ba ya tafiya sai ana yi masa kirari. Kwana goma sha ɗaya ina wasa shi, a tsakiyar teku kirarin ya ƙare, ya fara nitsewa da ni. Sai na koma yi wa kaina kirari, shi ko bai gane ba, wannan kuwa bai ƙare ba har muka kai gaɓa.

A can na iske birnin Kurmizan, ganuwarsa ja, dabinonsa duk sun sunkuyar da kai. Kogi ɗaya ne a ƙasar, sunansa Shuɗiya, yana gangarowa daga dutse ya iske wata ƙofar tagulla. In an juya ƙofar dama, ruwa ya tafi Kurmizan. In an juya ta hagu, ya tafi Balarasa, birnin da ke hangen wannan. Kakanninsu sun gaji da kashe juna a kan ƙofar, suka yi alkawari: kowace shekara a buga shataranji sau ɗaya, wanda ya ci ya sha kogi, wanda aka ci ya koma rijiya. Shekara uku ke nan a jere Balarasa na ci, rijiyoyin Kurmizan kuwa sun fara ba da laka.

Na ji wannan labari ne a rumfar mai tuwo, cikina na kuka, aljihuna na iska. Na shafa gemu na ce, ba da ƙarfi ba, sai dai yadda na ƙarshen rumfa zai ji: "Allah sarki. Ga ƙishirwa na kashe mutane, ga ni da taku tara na buɗe wasa waɗanda ba a taɓa gani ba a wannan nahiya."

Ban gama siɗe kwano ba aka kai ni gaban Sarkin Kurmizan.

Gwanar birnin wata tsohuwa ce maginiyar tukwane, Inna Lanti, yumɓu bai gama fita daga faratanta ba aka kirawo ta. Ita ce ke buga wa Kurmizan wasa shekara ashirin. Gwanin Balarasa, wani dogo mai suna Ƙosau, ya haddace duk hanyoyin da take buɗe wasa da su, shi ya sa take shan kaye. Aka ajiye allo, na nuna taku taran nan nawa. Ta duba allo, ta dube ni, ta sake duban allo.

"Ranka ya daɗe," ta ce da Sarki, "wannan ba buɗi ba ne. Wannan fitar da miji tsakar kasuwa ne ba wando."

"Ranka ya daɗe," na ce, "haka kowane sabon abu ke zama a idon tsofaffi. Ƙosau ya san na Inna duka. Wannan fa, ya san shi?"

Sarki mutum ne da ƙishirwar talakawansa ta hana shi sukuni. Ya ce Inna ta buga, amma da buɗina, magana ta ƙare.

Da muka fito, Inna Lanti ta riƙe mini hannun riga. "Ɗana, ka san Zaman Bita?"

"Haba Inna," na ce, "wa bai san shi ba?"

Ban taɓa jin sunansa ba.

Ba zan wahalar da ku da yadda wasan ya gudana ba, don za ku gan shi yanzu kamar yadda aka tilasta mini na sake ganinsa. Abin da ya faru dai, a taku na arba'in da ɗaya Inna Lanti ta sa hannu ta kwantar da sarkinta, alamar ta sallama. Mutanen Balarasa suka ɗau guɗa. Na Kurmizan suka zubo mini ido. Ni kuwa na tuna ina da wani uzuri a bayan gari, amma dogarai biyu suka ce uzurin ya jira.

Da hantsi washegari aka kai mu Zaman Bitar, a wani tafki mai zagaye da matakala, birni biyu sun cika shi maƙil. A tsakiyar ruwa akwai ginshiƙan dutse biyu, kowanne ya ɗaga kamu biyu a kan ruwa. Aka ɗora ni a ɗaya, aka ɗora Inna a ɗayan, kwalekwalen da ya kai mu ya koma. A gaɓa ga ƙaton allon da aka buga wasan jiya a kansa, 'ya'yansa kowane ya kai tsayin akuya, fararen Kurmizan na gishiri, baƙaƙen Balarasa na dutse. Ƙosau na zaune a gefensa ya harɗe ƙafa.

Alƙalin Allo, wani tsoho mai ido ɗaya, ya tashi da kuge a hannu.

"Baƙo, saurara, sau ɗaya ake faɗa. A ƙasar nan ba a barin wasa ya mutu ba a san inda ya mutu ba. Za mu bi shi taku taku. In ya mutu a cikin taran farko, laifin mai buɗi ne, dutsenka zai nitse. In bayan nan ya mutu, laifin mai bugawa ne, nata zai nitse. Wanda kuma ya faɗi abin da ba haka yake ba a kan allon nan, dutsen da ke ƙarƙashinsa zai sauka kamu ɗaya."

Na leƙa ruwa. Wasu inuwoyi dogaye na kewayawa a ƙasa.

"Allah ya gafarta Malam, waɗancan fa?"

"Kifaye ne. Ƙananan suna tsakura. Manyan ba sa tasowa sai ruwa ya kai wa mutum ƙugu. Ba a ba su komai ba tun jajibirin wasa."

Ku duba wannan zalunci. A ce mutum kamata, wanda harshensa ne gonarsa, a tsayar da shi inda ba a ƙara wa magana gishiri.

Alƙali ya buga kuge. Dakaren da ke gaban farin sarki ya ja jiki da kansa, ba hannun kowa, ya yi gaba gida biyu. Allon nan ba ya mantuwa. Duk wasan da aka buga a kansa yana maimaita shi.

"Mai buɗi, me ka gani?"

"Taku ne mai kyau. Ya kama tsakiya, ya buɗe wa waziri da giwa hanya."

Dutse bai motsa ba. Na gyara tsayuwa, na dubi wajen mata.

Kuge na biyu. Farin sarki ya tako gida ɗaya gaba, ya tsaya daidai inda dakaren ya tashi. Wani irin nishi ya fito daga mutanen Kurmizan, kamar ba su gani ba jiya.

"Wannan fa?"

"Wannan shi ne ran buɗin," na ce. "Sarki jarumi ba ya ɓuya a bayan bayinsa. Ganin haka ne ya sa hantar Ƙosau ta kaɗa."

Ƙasa ta gudu daga ƙarƙashina. Na durƙusa na rungumi dutse. Kamu ɗaya ya tafi.

"Ƙosau," in ji Alƙali, "hantarka ta kaɗa?"

"Na ɗauka hannunta ne ya zame," in ji Ƙosau. "Har na ce ta mayar, ta ƙi."

Aka tuntsire da dariya a ɓangaren Balarasa. Alƙali ya juya wajen Inna, ita kuwa ta yi bayani a hankali kamar mai koya wa jika murza yumɓu. Sarkin ya toshe wa wazirinsa hanya, ya toshe wa giwarsa. Ya kuma rasa damar nan da ake ba sarki sau ɗaya ta shigewa lungu a bayan ganuwarsa, don sarkin da ya taka ba ya samunta. Dutsenta ko girgiza bai yi ba.

Na uku da na huɗu na yi ta cewa "haka ne, an taka," na tsira. A na biyar farin doki ya yi tsalle ya koma can bakin allo, inda rabin gidajen da zai iya dira ba su nan.

"Me doki ke nema a bango?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma mutum dubu goma na kallona. "Kwanton ɓauna ne," na ce.

Ruwa ya shafi tafin ƙafata. Sanyi kamar ƙanƙara.

"Ɗana," in ji Inna daga nata dutsen, "in ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Ba a nitsar da mutum a kan wannan."

"Inna, bakina bai saba ba."

A na bakwai sarki ya ƙara takowa gaba, baƙin doki ya yi masa kashedi, ya koma da baya. A na tara aka cinye dakaren tsakiya a banza. Buɗina ya ƙare ke nan: dakare ɗaya ya tafi, sarki na yawo a fili, rabin runduna ba ta tashi daga barci ba. Alƙali ya tambaye ni ko an fita daga buɗin kai da kai. Na ce kusan haka. Ashe dutsen bai san "kusan" ba. Ruwa ya kai mini gwiwa, nan take na ji wani abu ya tsakuri ƙwaurina.

Daga na goma wasa ya koma hannun Inna, kuma wallahi ko ni da ƙafafuna ke cikin ruwa sai da na saki baki. Ta ja sarkin nan da na jefa a titi, taku ɗaya ɗaya, tana kare shi da giwa, tana toshewa da dakare, har ta kai shi kusurwa. Alƙali na tambaya tana amsawa, dutsenta na nan a bushe. Har aka zo na goma sha tara.

"A nan na yi kuskure," ta ce, tun ba a tambaye ta ba. "Ƙosau ya kawo wazirinsa inda zan iya musanya nawa da nasa. Da na yi, da harin ya huce, da na iya riƙe wasan. Na ƙi, don zuciyata na tafasa tun taku na biyu, ina son in rama. Bayan taku shida na rasa wazirin a banza."

Dutse ya amince. 

Alƙali ya juyo da idonsa ɗaya kaina. "Mai buɗi, kai ke fara yanke magana. A ina wasan ya mutu?"

Ku tsaya ku auna inda nake. In na ce a buɗi, na nitsar da kaina. In na ce a na sha tara, ga dukkan alamu dutse zai karɓa, tunda mai shi ta faɗa da bakinta, tsohuwar nan ta tafi ƙasa ina kallo. In kuma dutse bai karɓa ba, ruwa ya kai ƙugu.

"Faɗi na sha tara," in ji Inna ƙasa ƙasa. "Na ci shekaruna. Kai ko wayo ba ka gama yi ba."

Kada ku ɗauka tausayi ne ya riƙe mini harshe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a ce Barmo ɗan Cindo, da gemunsa, maginiyar tukwane ce ta yi masa sadakar rai a gaban birni biyu.

"Allah ya gafarta Malam, ba a yi wa mamaci wanka sai an ga gawa. A kai mu ƙarshe."

Lokaci kawai nake saye. Kuge ya yi ta bugawa, farare na faɗuwa, ƙananan kifaye na aikinsu a ƙwaurina, ni ko ina raba ido ko akwai wata hanyar gudu. Babu. A na arba'in da ɗaya allo ya tsaya.

Ga yadda yake. Farin sarki na can ƙuryar kusurwa. Baƙin waziri na tsaye nesa da shi kaɗan, ya tsare duk gida ukun da ke kewaye da shi, taku ɗaya ya rage ya kashe. Inna na da dakaru biyu, kowanne ya yi karo da baƙin dakare goshi da goshi, ba ya gaba. Sai ganuwa ɗaya tilo a can ƙasar abokan gaba. Sarkin Ƙosau kuwa na bakin allo, dokinsa ya tare shi ta gefe guda, gida biyu kawai yake da su na kai da komo.

Na duba, na sake dubawa. Ni ba na cewa na sha kaye da yawa a rayuwa. Amma na zauna a kusurwa fiye da kowane gwani, kuma wanda ya daɗe a can ya san ramukanta. A ƙasar nan abin kunya ne gwani ya ba da ɗan wasansa a banza, tun suna yara ake dukan hannunsu a kan haka, shi ya sa idon mutum dubu goma bai je inda nawa ya je ba. Ni kuwa ni da kunya mun rabu tun a Tekun Madara.

"Wasan bai mutu ba," na ce. "Da ransa aka binne shi."

Na rintse ido ina jiran ruwa. Dutse bai motsa ba.

Tafkin ya ɗauki hayaniya. Alƙali ya yi ta buga kuge har aka lafa. "Wanda ya faɗi haka shi zai ƙarasa wasan daga inda aka tsaya. In ka sha kaye, ku biyu za ku nitse, don ka jawo ta cikin da'awarka. Lanti, kin yarda?"

Ta daɗe tana duban allo. Sai na ga ta sa hannu ta rufe baki. "Kai, marar kunya," ta ce. "Na yarda."

Na ɗaga murya: "Ganuwa, je ki tsaya a hancin sarkinsa. Kashedi!"

Ganuwa ta ja jiki ta tsaya gaba da gaba da baƙin sarki, ba mai kare ta. Balarasa suka fashe da dariya. Ƙosau ya buɗe baki zai ce a cinye, sai ya tsaya. Ya dubi kusurwa. In ya cinye ganuwar, ba sauran abin da fari zai iya motsawa: dakaru a toshe, sarki ba gidan takawa, kuma ba a yi masa kashedi ba. A dokar shataranji ta ko'ina, wannan wasa ya tashi ba wanda ya ci.

Ya kautar da sarkinsa gefe. Na bi shi da ganuwa, na sake manna masa ita. Kashedi! Ya komo. Kashedi! Wazirinsa na can da wuƙa a wuyan sarkina, amma ba a ba shi sarari ko na numfashi ɗaya ba. Kurmizan suka miƙe tsaye, suna amsa mini kashedin da baki ɗaya. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Jama'a, guɗar nan ce ta kashe ni. Na buɗe hannuwa na juyo gare su.

"Tun daga taku na biyu na shirya wannan!"

Ruwa ya kai ƙugu.

Inuwoyin nan dogaye suka daina kewayawa. Na ga ɗaya ta juyo, ta fara tasowa a hankali, baki buɗe, haƙora kamar zarto. Taku kuma na Ƙosau ne, ba dokar da ta ce ya yi sauri. Ya tallafi haɓa ya shiga tunani. In kifi ya gama da ni kafin ya taka, ba mai ƙarasa wasa, kogi nasu ne. Wani abu mai kauri ya goge mini cinya. Na kira sunan Allah, na kira na uwata, na kira na kunkurun nan ma.

"Ƙosau!" Muryar Inna ta ratsa tafkin. "Shekara uku kana cina da hannunka, ko sau ɗaya ban yi ƙorafi ba. Bana kifi za ka aika ya ci maka? Haka za a gaya wa jikokinka?"

Ƙosau ya dube ta. Ya dubi mutanensa, waɗanda ke yi masa alama da hannu ya dakata. Kifin ya kama bayan rigata ya fizga, na rungumi iska.

"Sarki, ci ganuwar," in ji Ƙosau.

Kuge ya buga sau uku. Dutse ya taso da ni sama, rabin rigata da wani ɗan yanki na inda nake zama suka tafi da kifi.

Alƙali ya yanke hukunci a tsaye: wasa bai mutu ba, saboda haka ba wanda ya kashe shi, ba mai nitsewa. Ƙofar tagulla mako ɗaya dama, mako ɗaya hagu, har shekara ta zagayo. Kafin azahar ruwa ya shiga lambunan Kurmizan. Na tsaya ina jiran a naɗa ni wani abu. Sai tsohon nan mai ido ɗaya ya ƙara da cewa taku taran da suka kusa hallaka birni a sassaƙa su a bakin tafki da sunan mai su, don kowane mai koyo ya fara sanin abin da ba a yi. Na ceci birni, aka saka mini da wannan. Inna Lanti ta ba ni tulu ɗaya da maganin shafawa, ta ce in bi ta ƙofar yamma, kada in tsaya a rumfar mai tuwo.

Akwai dai wata 'yar magana da Alƙali bai tambaya ba, ni kuma ban ga dalilin ɗaga ta a kan wancan dutse ba. Buɗin nan ba ni na ƙago shi ba. A kasuwar Marandi, wata uku kafin nan, na iske mutum biyu suna bugawa a gindin tsamiya, ɗaya cikin tsumma, ɗaya cikin wata shuɗiyar riga mai aiki har ƙasa, da zobe a kowane yatsa. Ba sai an gaya mini wane ne gwanin ba. Na tsaya a bayan mai rigar na haddace takunsa tara, sai ƙanshin tsire ya ja ni. Da na dawo da tsinke a hannu, na tarar an kashe masa sarki a taku na goma sha biyu, yana ta zagin allo, mai tsumma na gaya masa ai ba laifi ga wanda ya fara koyo yau da safe.

Da idona na gani, da kunnena na ji. Amma jama'a, da kun ga rigar nan.